Kwafi Bakwai

Ofishin gunduma yana hawa na biyu,
tsakanin masu harajin gida da masu lasisin aure.
Na kakkaɓe ƙanƙarar Iowa daga takalmina,
na ciri lamba a jikin inji: talatin da ɗaya.
A gabana saurayi da budurwa, hannu cikin hannu,
suna gardamar ranar biki.
Ni kuwa yau kwana tara da muka binne Baba.

Matar da ke bayan gilashi,
Lorna, haka aka liƙa a ƙirjinta,
ta ce, "Kwafi nawa?"
Ban san ana ƙirga mutuwa ba.
A wurina sau ɗaya ya mutu,
ranar Talata, huɗu da kwata na asuba,
rediyo na faɗin farashin masara.

Ta ce, "Banki zai so ɗaya.
Inshora ɗaya. Masu fansho, masu rajistar mota,
in akwai gona, ita ma da nata.
Kowa sai ya taɓa da hannunsa, ba sa karɓar hoto.
Dala goma sha biyar kowanne."
Na ce a ba ni bakwai.
Mutumin da bai taɓa sayen kofi a hanya ba don tsada,
yau zan biya ɗari da biyar
don a yarda ba ya nan.

Na miƙa lasisin tuƙi. Ta duba, ta sake dubawa.
"Ke Pruitt ce, mamacin kuma Hovland.
Me ke tsakaninku?"

Me ke tsakaninmu!
Wushirya. Taurin kai.
Shekara shida ba ko gaisuwa
saboda auren da ya ba ni wannan sunan,
sannan wata goma sha ɗaya ina aske masa gemu
yana kirana da sunan ƙanwarsa.
Fom ɗin ba shi da gurbin wannan.
Ta sassauta murya. "Taga ta uku.
Ki karɓo takardar haihuwarki."

Taga ta uku ba kowa.
Lorna ce dai ta zagayo, ta sauya kujera.
Ashe haihuwa da mutuwa ɗaki ɗaya suke kwana,
kabad ne kawai ya raba su.

Sai ga shi a ƙasan takarda, da ransa:
Arvid Hovland,
da H ɗin nan nasa mai kama da ƙofar shinge,
ya danne alƙalami kamar mai dasa turke.
Shekara ashirin da huɗu. Sana'a: noma.
A layin jaririya an soke wani suna,
aka rubuta Corinne a samansa.
Na ɗaga ta saitin fitila.
Solveig.
Shekara hamsin da uku bai taɓa faɗa mini ba,
kuma wanda zan tambaya
shi ne injin can ke tofowa, shafi bayan shafi.

Ta danna hatimi sau bakwai.
Na shafa tudunsa da yatsa, kamar tabon da ya warke.
Dalilin mutuwa: zuciya. Kalma ɗaya.
Likitan da ya rubuta bai taɓa ganinsa ba
tsaye a gona bayan ƙanƙara ta kwantar da masara,
hula a hannu, bai ce uffan ba.
Lorna ta haɗa duka takwas a ambulan ɗaya.
Ta ce, "Kar ki ninke su."

A matakalar waje, masu auren nan suka tare ni,
hancinsu ja saboda sanyi.
"Don Allah ko za ki ɗauke mu?"
Na soke ambulan a hammata,
na ce su matsa hagu kaɗan, rana na bayansu.
Na ɗauka sau uku.
A na farkon hannuna ya yi rawa.